Shirun da Tela Ta Hana a Yanke

Duk layin nan ba mai kiranta da sunan da aka raɗa mata. Anti Tela ake cewa, yara da manya, har mai faci da ya girme ta nesa ba kusa ba. Shagonta yana tsakanin mai aski da mai wanki da guga, ɗan tsukut ne, in mata biyu suka zo gwajin kaya sai ɗaya ta jira a waje. Keken ɗinki yana bakin ƙofa inda haske yake, teburin yanka a jikin bango, sai buhun ƙyallaye da ta yi shekaru tana cewa gobe za ta zubar. Bayan labule akwai ɗaki mai gado ɗaya da taga ɗaya, nan mahaifiyarta take wuni. A kan wani katako da aka kafa a bango, kusa da gwangwanin maɓallai, akwai baƙin rediyo wanda aka ɗaure murfin batirinsa da tsumma.

Ɗinki gadonsa ta yi, waƙa kuwa ita ma ba ta san ranar da ta kama ta ba. In keke yana gudu bakinta yana gudu, in ya tsaya ta ci gaba ba shi. Waƙoƙin nata ne na kanta: a kan masu kawo yadi da safe su ce da yamma suke so, a kan kusurwar shagon da ke yoyo, a kan mijinta da ya rasu ya bar mata takalmansa a ƙarƙashin gado. Ba ta da makaɗa, ba ta da ubangida, ba mai gayyatarta ko'ina. In ta samu sarari sai ta ja ƙofa ta hau benen mai sayar da wayoyi, inda wani matashi da ake ce wa Injiniya ya manna katifu a bango ya ce ya buɗe situdiyo. Ya ɗauki muryarta, ya sa mata kiɗan kwamfuta, ya ɗora a intanet. Masu saurare ba su taka kara sun karya ba, yawancinsu ma matan da take yi wa ɗinki ne, su ma don kada ta ɓata musu wuyan riga. Wannan bai taɓa hana ta barci ba.

Abin da yake hana ta barci yayanta ne.

Su biyu Inna ta haifa, shi ne babba. Tun yana ƙarami rediyo ya shiga ransa, da shi yake kwana da shi yake tashi, in batir ya mutu ya shanya a rana ya ciccije ya mayar. Mahaifinsu kafinta ne, mai kirki amma mai saurin hawa, burinsa ɗan ya gaje shi, ɗan kuwa kunnensa yana can cikin akwati. Wata rana aka ba shi ƙofar mutane ya ɗan rage mata tsawo, aka sako waƙar da yake so, ya yi ta jan zarto har ƙofa ta koma murfin taga. Baba ya ɗauki rediyon ya tsoma a durom ɗin ruwa, sannan ya faɗi irin maganar da ba a faɗa wa ɗa. Yaya ya fita da rigar jikinsa. Aka ce zai huce ya dawo da yamma. Baba ne ya huce, ya tsufa, ya rasu yana kallon ƙofa, Yaya kuwa ko sama ko ƙasa.

Ba irin neman da ba a yi ba. Wani ya ce ya gan shi yana bin babbar mota, wani ya rantse ya gan shi yana gadi a wani kamfani. Da Anti Tela ta kawo ƙarfi ta kai cigiya gidan rediyo, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, aka karanta sunansa tsakanin cigiyar akuya da ta katin shaida, shiru kake ji. Ta ce wa mutane ta haƙura, amma duk babbar motar da ta wuce bakin titi sai ƙafarta ta tsaya a kan keke.

Akwai waƙa ɗaya da ba tata ba ce, ta Inna ce. Lokacin da Inna take riƙe da shagon, in ta gama da keke sai ta zauna a tabarma ta kama aikin hannu, kalmasa da ɗinkin maɓallai, tana rerawa ƙasa-ƙasa:

Tafi ki dawo, 'yar siririya,
gefe da gefe ki haɗa mini su,
in zare ya ƙare...

A nan take tsayawa, don ba ta kawo wannan baitin sai zaren ya ƙare da gaske. Ta ƙulle, ta gutsure da haƙori, ta miƙa wa Yaya allurar ba tare da ta dube shi ba, saboda tun da ƙuruciyarta idonta ba ya ganin kafar allura. Shi kuma ya rage muryar rediyonsa, abin da ba ya yi wa kowa a duniya, ya lashi bakin zaren, ya zura, ya miƙa mata. Sai ta ɗora daga inda ta tsaya kamar ba a yi komai ba:

...a ƙulla wani, aiki bai ƙare ba.

Anti Tela tana 'yar mitsitsiya tana wasa da ƙyallaye a gefe, haka ta ji waƙar, haka ta haddace ta, da raminta a tsakiya. Har ta girma ba ta taɓa kawowa a ranta cewa ana iya rera ta a jere ba.

Yanzu Inna ta tsufa, tunaninta ya fara guduwa. Sai ta ci abinci ta ce an bar ta da yunwa, ta kira mai aski da sunan ƙanenta da ya daɗe a ƙasa. Amma kowace yamma sai ta lalubo allura daga bakin zanenta ta miƙa gefe, inda ba kowa. In Anti Tela ta kai hannu sai ta janye.

"Ba ke ba. Ina yayanki? Ya zo ya zura mini."

Likitan da aka kai Inna wurinsa bai ɓoye wa Anti Tela ba. Ya ce abin gaba zai yi ta yi, watarana ko fuskar 'ya'yanta ba za ta shaida ba. Anti Tela ta dawo gida jikinta a sanyaye, ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinka shi a baibai. Ba mutuwar Inna take tsoro a lokacin ba. Tsoronta Yaya ya zo bayan an riga an goge shi daga tunanin Inna.

Washegari ta hau benen Injiniya ta ce yau ba kiɗa, muryarta kawai za a ɗauka. Ta rera waƙar Inna, ta zo wurin ta tsaya, ta jira daidai yadda ake jira, ta ƙarasa. Injiniya ya zare abin da ke kunnensa.

"Anti, baitin ne ya ɓace miki?"

"Bai ɓace ba. Haka take."

"Haka take yaya? Dubi nan fa." Ya juyo mata da allon kwamfuta, inda muryarta ta zama tudu-tudu, sai wani miƙaƙƙen layi a tsakiya. "Wannan fili ai sai a ajiye mota. Bari in datse shi, ko in cike da kiɗa. Mutanen yanzu in suka ji shiru kaɗan, yatsa kawai za su sa su wuce."

"Ka taɓa shi mu ɓata. Kai ka taɓa ganin riga ba wuya? Shi ma ai rami ne, amma ta nan kai yake fita."

Ya ɗora ta yadda take, yana gunaguni. Abin mamaki ta fi sauran tafiya, mutanen da ba ta taɓa auna ƙugunsu ba suka yi ta yabawa, wasu kuma suna cewa a gyara, ta lalace a tsakiya. Aka kwana biyu, Yaya shiru. Ta koma ta tsare Injiniya da tambaya.

"Wai wanda bai san da waƙar ba, ta yaya take samunsa?"

"Sai in ya nema, ko wani ya tura masa, ko wayar ta lura da irin abin da yake so ta kawo masa."

"In wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila fa?"

"To Anti, sai addu'a."

Ta ce to gidan rediyo za ta kai. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Haba Anti, rediyo? Wa yake jin rediyo yanzu? Daga tsofaffi sai direbobi sai masu gadi."

"Me ka ce? Maimaita."

"Na ce direbobi da masu gadi..."

"Allah Ya yi maka albarka," ta ce, ta gyara mayafinta. "Su nake nema."

Akwai wani shirin waƙoƙi na yamma a tashar da ake kamawa har kan manyan hanyoyi, inda akan ba ƙananan mawaƙa dama. Mai gabatar da shi Kawun Kowa ake ce masa, kuma Anti Tela ta yi shekaru tana ɗinki da muryarsa a kanta. A zatonta wani ƙato za ta gani. Da aka tura mata wata ƙofa mai nauyi kamar ta firji, sai ga ɗan tsamurmurin dattijo da silifas, da ledar alewar tari a gabansa, a ɗakin da bai kai shagonta ba. Ta tsaya tana kallon abin maganar da ke rataye a gaban bakinsa. Wai daga wannan ɗan abin, a wannan ɗan akurkin, murya take fita ta haye gidaje da gonaki ta shiga motar da ke gudu, ba waya ba igiya. Ta sha shiga harabar gidan kai cigiya, amma ba ta taɓa ganin inda maganar take fitowa ba sai yau.

Kawu ya sa waƙar yana gyaɗa kai. Da aka zo wurin, hannunsa ya yi wuf ya kai kan maɓalli kafin ya ankara.

"Ƙanwata, waƙa ta yi waƙa. Amma wannan ramin ba zai hau iska ba. Mu a gidan nan shiru shi ne dodonmu. In na yi shiru yanzu masu kula da na'ura za su rugo, manaja ya kira, masu saurare su murɗa gaba. Tun da na fara aikin nan ban taɓa barin iska ba kowa ba. Ki bari in an zo wurin in ɗan gaishe da mutanen kasuwa, sai a ci gaba."

Ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Da ta ga zai miƙo mata abinta, sai ta zauna ta gaya masa kome, tun daga ƙofar da ta koma murfin taga har allurar da ake miƙa wa iska kowace yamma. Kawu ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Kin kawo mini aikin da ya fi ƙarfina. Ni da matata take cewa ko a barci shiri nake gabatarwa." Ya jefa alewa a baki. "Sau ɗaya zan yi. In aka kore ni kya koya mini ɗinki."

Mai aski kaɗai ta gaya wa ranar da za a sa, wanda daidai yake da ta hau rufin shago ta yi shela. Kafin yamma duk layin an murɗa tasha ɗaya: rediyon mai aski, na mai faci da ke rataye a ƙusa, na mai guga, da na wata motar haya da ke jiran a yi mata faci. Injiniya ma ya sauko daga bene ya jingina da bango, wai iska ya zo sha. Anti Tela ta ɗage labule ta jawo kujerar Inna kusa da ƙofa.

Kawu ya gama zubarsa, ya ce ga wata tela da waƙar mahaifiyarta. Sai muryar ta fito.

Ba daga katakon bango kaɗai ta fito ba. Ta fito daga dama, ta fito daga hagu, ta tsallako titi daga cikin motar, ta biyo lungu daga gidajen da ba ta san suna saurare ba. Anti Tela ta sha jin kanta a waya, amma wannan daban ne, don a waya kowa da lokacinsa yake ji, a kunnensa shi kaɗai. Yau kuwa baiti ɗaya ne a bakin kowane akwati a lokaci ɗaya. Ta tuna cewa haka yake a wuraren da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba, a ɗakunan masu gadi, a gaban manyan motoci, a gefen gadon marasa lafiya, mutanen da ba su neme ta ba ga ta ta same su. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye.

"In zare ya ƙare..."

Layin ya yi tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. Mai faci ya kai wa rediyonsa mari. Direban motar ya leƙo yana jijjiga eriya. Mai aski ya tsaya da inji a sama, kan mutum rabi da gashi rabi babu. Ba abin da ake ji sai cuwwar dutsen guga a kan jiƙaƙƙen yadi. Tun da aka kafa layin nan ba a taɓa jin irin wannan shirun kafin faɗuwar rana ba, kuma can a ɗan akurkinsa Kawun Kowa yana zaune ya danne bakinsa da hannu biyu. A cikin shirun Inna ta lalubo allurarta ta miƙa gefe.

Sai muryar ta dawo ta ƙarasa baitin, aka ji layin ya saki numfashi.

Aka buɗe layin waya. Na farko ya ce wutarsu ce ta ɗauke ko me, a riƙa gyara inji. Ta biyu ta ce saura kaɗan ta zubar da sabon batir. Kawu yana ta ba da haƙuri yana dariya. Sai aka ɗauki na uku, ana jin iska da gurnanin manyan motoci a bayansa.

"Salamu alaikum, Kawu."

"Wa alaikumus salam. Wa ke magana, daga ina?"

"Direba ne, na tsaya a gefen hanya. Kawu, a gaya wa mutanen nan ba ɗaukewa ya yi ba. Jira take a zura mata zare."

Almakashi ya suɓuce daga cinyar Anti Tela. Ba muryar Yaya da ta sani ba ce, muryar Baba ce sak, har da 'yar shaƙewar. Inna ta ɗago kai tana neman inda maganar ta fito. Kawu kuwa, wanda kafin yau bai taɓa barin iska ba kowa ba, ya sake yin shiru a karo na biyu, wannan karon ba wanda ya roƙe shi.

"Mai waƙar," in ji direban, "ta asalin nake nufi. Tana da rai?"

"Tana nan da ranta, ɗan'uwa. Shagon yana inda ka bar shi, allurar ma tana hannunta."

Aka ji dogon numfashi. Ya ce, "To." Layi ya katse.

Ba wanda ya yi shewa. Mai aski ya ƙarasa askin yana share ido da gefen hannu, mai faci ya shafa rediyonsa a inda ya mare shi. Injiniya ya koma bene, amma daga baya an ga ɗan rediyo a tagar situdiyo, in an tambaye shi sai ya ce na gwajin sauti ne. Shi ne kuma ya fara tura wa Kawu mawaƙansa ɗaya bayan ɗaya.

Yaya bai zo ran nan ba, bai zo washegari ba. Lambar da ya kira da ita aka yi ta nema a kashe. Wata safiya Anti Tela ta kai wa Inna ruwan wanka, Inna ta dube ta da fara'a irin ta baƙunta ta ce, "Sannu baiwar Allah, ke 'yar gidan wa ce?" Kafin azahar Inna ta gane ta, amma Anti Tela ta wuni ba ta iya taka keke ba.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Yaya ya zo, a ƙafa, don motarsa ba ta shiga layin. Dogo ne ya ranƙwafa, gemunsa ya yi fari, ga ɗan rediyo a aljihun gaban riga yana ta surutu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon keken, ya sa hannu ya rage muryar.

"Yaya," ta ce.

"Duk cigiyarki na ji, ƙanwata. Ban san da wace fuska zan zo ba. Wannan kuwa ba kirana aka yi ba, gurbina na ji an bar mini."

Ta ɗage masa labule. Ya durƙusa a gaban gadon ya gaishe da Inna. Ta zuba masa ido, ta daɗe tana kallo, fuskarta ba ta nuna kome ba. Anti Tela ta kama ƙyauren ƙofa, zuciyarta tana cewa shi ke nan, an makara. Sai Inna ta kau da kai ta jawo wani ƙyalle, ta fara rerawa da 'yar muryar da ta rage mata. Da ta zo wurin ta tsaya, ta lalubo allurar, ta miƙa gefe ba tare da ta duba ba.

Ya karɓa. Ya lashi bakin zaren ya kai, ya kuskure. Ya sake kaiwa, ya sake kuskurewa. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau mai ƙafa ɗaya ya maƙala, ya juya wajen hasken taga. Inna ba ta janye hannunta ba, tana nan ta buɗe tafin tana jira. Zaren ya shiga. Ya ɗora mata a hannu.

Ta soka allurar a ƙyallen ta ƙarasa baitinta har ƙarshe. Sannan, idonta a kan ɗinkin, ta ce, "Yau ka daɗe. Kashe rediyon nan ka zauna, akwai sauran aiki."